Tukunyar Turara Kayan Asibiti

Tukunyar turara kayan asibiti, wadda ma'aikatan lafiya ke kira otokilef, tukunya ce ta ƙarfe mai kauri da ake kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan tiyata da ita ta hanyar tururi. Aikinta ya yi kama da na madambaci, sai dai murfinta yana datsewa gam, tururin ba ya samun mafita.

Tarihi

Asalinta yana komawa ga Denis Papin, Bafaranshen da ya ƙera tukunya mai kulle tururi a 1679 don tausasa ƙashi, ba don magani ba. Sai bayan shekara ɗari biyu, a 1879, Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur, masanin ƙwayoyin cuta, a Faris, ya ƙera irin wadda ta shiga ɗakunan bincike. Daga nan likitocin Jamus suka ɗauka: wajajen 1886 Ernst von Bergmann ya fara turara kayan tiyata a Balin, mataimakinsa Curt Schimmelbusch kuma ya fito da gwangwanin nan mai huji-huji da ake cusa auduga da bandeji a ciki, wanda har yau ake gani a ɗakunan tiyata.

Abin da ya sa tafasawa kaɗai ba ta wadatar shi ne ruwa ba ya wuce digiri 100 a buɗaɗɗiyar tukunya, alhali wasu ƙwayoyin, kamar na tetanos, suna jure wannan zafin. Idan aka kulle tururin, zafi yana kaiwa digiri 121, a bar kayan minti 15 zuwa 20.

A Bauchi da Gombe

Tukwanen sun iso ne tare da asibitocin zamanin Turawa da na mishan, tun yankin Gombe yana ƙarƙashin Lardin Bauchi. Ƙanana ana ɗora su kan risho mai kananzir, manya kuwa suna aiki da lantarki.

Waɗanda aka yasar

Ana cin karo da tsofaffin tukwanen a kangayen ɗakunan shan magani da sito-sito na asibitoci, murfi a wangale, robar bakinsa ta bushe ta tsattsage, agogon matsi ya fashe, zanzaro ya yi gini a cikin bututu. Galibi ba gangar jikin ce ta mutu ba. Rashin roba ko waya mai ɗumama ruwa, ko daskararren farin dattin da ruwan rijiya ke bari, ya isa ya kwantar da tukunyar. 'Yan gwangwan suna nemanta saboda tagulla da farin ƙarfen da ke jikinta.

Wasu tsofaffin an naɗe su da asbestos, wani abu mai hana zafi fita, wanda ƙurarsa ke illa ga huhu. Hura wuta ƙarƙashin wadda bawul ɗinta, wato ƙofar rage tururi idan ya yi yawa, ya toshe kuwa yana iya sa ta tarwatse.

Amfani a yau

Sirinji ya koma na yarwa, amma almakashi da hantsaki da zannuwan tiyata har yanzu sai an turara su.