Taƙaddamar murhun gas a Amurka

Taƙaddamar murhun gas muhawara ce ta siyasa a Amurka kan ko za a daina jona sababbin gidaje da bututun iskar gas, a koma girki da ɗumama ɗaki da wutar lantarki. Kimanin gidaje 38 cikin 100 a ƙasar da gas suke girki. Ba silinda suke kaiwa a cika musu ba: kamfani ne ke turo gas ta ƙarƙashin ƙasa har madafa, a biya a ƙarshen wata. Inda gwamnatin Najeriya ke fafutukar raba mutane da itace da gawayi su rungumi gas, a can gas ɗin ne ake neman rabuwa da shi.

Birnin Berkeley na jihar Kalifoniya ne ya fara, a watan Yulin 2019, da dokar hana shigar da bututun gas cikin sababbin gine-gine. Birane da dama suka bi sahu, har da New York a ƙarshen 2021. Hujjarsu ɗumamar yanayi ce. Jihohin da jam'iyyar Republican ke mulki suka mayar da martani da dokokin da suka ɗaure wa birane hannu; Arizona ta yi nata a 2020, daga baya jihohi fiye da 20 suka yi.

Sai maganar lafiya ta shigo. Wutar gas tana fitar da iskar da ke fusata huhu, musamman a madafar da ba ta da tagar kirki ko na'urar zuƙe hayaƙi. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun gano a 2022 cewa murhun yana yoyon gas ko a kashe yake, hasali ma fiye da kashi uku cikin huɗu na yoyon a lokacin ne. A Disamban shekarar wani nazari ya danganta kashi 12.7 cikin 100 na asmar yara a Amurka da murhun gas. Ƙungiyar kamfanonin gas ta ƙasar ta yi watsi da shi, ta ce lissafi ne a kan tsofaffin alƙaluma, ba a gwada ko murhu ɗaya ba.

A Janairun 2023 Richard Trumka Jr., kwamishina a hukumar tarayya mai sa ido kan haɗarin kayan masarufi, yana magana a kan murhun gas, ya shaida wa kafar labarai ta Bloomberg cewa kayan da aka kasa kawar da haɗarinsu ana iya haramta su. Kan ka ce kwabo magana ta zama ta jam'iyya. Ronny Jackson, ɗan majalisa na jam'iyyar Republican daga Texas, ya ce sai dai a ɓamɓare murhunsa daga hannun gawarsa. Sanata Joe Manchin, ɗan Democrat a lokacin, shi ma ya ce gwamnati ba ta da hurumin faɗa wa iyali yadda za su dafa tuwonsu. Shugaban hukumar da fadar White House duk sun fito sun ce babu shirin haramtawa, amma alƙalami ya riga ya bushe: a watan Yuni Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurori biyu na kare murhun, waɗanda ba su zama doka ba.

Abin da hayaniyar ta rufe shi ne, murhu ɗan ƙaramin kaso yake ci na gas ɗin gida. Na'urar ɗumama ɗaki da ta dafa ruwan wanka su ne manyan maciya, sai dai babu mai shaƙuwa da su, suna can ƙasan gida ba a ganinsu. Murhu kuwa kullum ana gabansa, kuma wanda ya nace wa shuɗiyar wutarsa ya riƙe bututun gaba ɗaya. Ƙungiyar masu gidajen abinci ta Kalifoniya ce ma ta kai Berkeley ƙara, tana cewa akwai girkin da sai da harshen wuta. A Afrilun 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke dokar saboda ta ci karo da wata dokar makamashi ta 1975, kuma a 2024 birnin ya haƙura.

Sauyawar ma tana da tsada. Murhun lantarki na zamani da maganaɗisu yake zafafa tukunya kai tsaye, ya fi gas saurin tafasa ruwa, amma tukunyar alminiyam ba ta aiki a kansa. Ana gwadawa ne da ɗan maganaɗisu, in ya manne wa gindinta to za ta yi. Tsofaffin gidaje kuma sai an ja musu sabuwar waya mai ƙarfin volt 240. Dokar rage hauhawar farashi ta 2022 ta tanadi tallafin sayen murhun lantarki da ya kai dala 840 ga masu ƙaramin ƙarfi.

A Mayun 2023 New York ta zama jiha ta farko da ta kafa dokar hana gas a yawancin sababbin gine-gine, ban da ɗakunan girkin gidajen abinci da asibitoci. Ranar 20 ga Janairun 2025, da aka rantsar da Donald Trump, ya sa hannu kan umarnin da ya ambaci murhun gas cikin kayan da ya ce a bar wa Amurkawa zaɓinsu, tare da kwan fitila da injin wanki.