Mene ne LIHEAP, kuma wa yake kaiwa gare shi?

Da zarar sanyi ya kunno kai a Amurka, sunan LIHEAP zai fara yawo a labarai. Shiri ne na gwamnatin tarayya da ke taya gidaje masu ƙaramin ƙarfi biyan kuɗin ɗumama gida a lokacin sanyi, da na sanyaya shi a lokacin zafi. An kafa shi a 1981, bayan tsadar mai ta shekarun 1970 ta jigata talakawa. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ce ke riƙe da kuɗin, tana raba wa jihohi, kowace jiha kuma ta tsara yadda za ta bai wa mutanenta.

Sanyin can ya wuce hunturunmu da ake maganinsa da kaskon wuta da bargo. A jihar Maine, inda gidaje da yawa ke ɗumama da mai, mota ce ke zuwa ta cika tankin da ke ƙarƙashin gida. Idan tankin ya ƙafe a tsakiyar Janairu, ruwa zai daskare a bututu har ya fashe, tsoho ko jariri kuwa rayuwarsa ce a cikin haɗari. Wasu sai sun rage cefane ko sun bar sayen magani kafin su biya.

Doka ta ce gidan da abin da yake samu bai wuce kashi 150 cikin 100 na ma'aunin talauci ba (wato adadin samun da gwamnati ta ƙayyade, wanda duk gidan da bai kai shi ba ake ɗaukarsa matalauci), ko kashi 60 na matsakaicin samu a jiharsa, zai iya nema. Ta kuma ce a fifita wanda ya fi talauci kuma kuɗin wuta ya fi cin aljihunsa, tare da kula da tsofaffi, masu naƙasa da ƙananan yara. Yawanci ba a danƙa wa mutum kuɗi a hannu, kamfanin wuta ko na gas ake biya kai tsaye.

A takarda tsarin ya yi kyau. Matsalar ita ce kuɗin, kimanin dala biliyan 4 a shekara, ba ya isa, don haka mafi yawan waɗanda suka cancanta ba sa samun ko sisi. Idan kason jiha ya ƙare, an rufe ke nan. Wannan ne ya fi damuna: wanda ya iya Turanci, yake da intanet, ya san hanyar ofis, shi zai riga tsohuwar da ba ta iya fita da baƙon da takardu ke tsorata shi, alhali irin tsohuwar nan aka ce a sa gaba.

Tsakanin jihohi ma akwai jayayya. Tsarin rabo na farko ya karkata ga jihohin arewa masu sanyi. A 1984 aka kawo sabo da ke duba ainihin abin da talakawa ke kashewa, har da na sanyaya gida, amma ba ya aiki sai kasafin ya haura dala biliyan 1.975. Jihohin kudu na ƙorafin ana tauye su, kuma suna da hujja, domin a 2023 zafi ya kashe mutum 645 a gundumar Maricopa ta Arizona kaɗai.

A Afrilun 2025 gwamnatin Trump ta sallami dukan ma'aikatan da ke kula da shirin a matakin tarayya, waɗanda aikinsu ne lissafa kason kowace jiha da sa ido kan yadda ta raba shi.