Shingen Kama Masu Tuƙi a Buge a Amurka: Abin da Doka Ta Ba Ka da Abin da Ta Ɗora Maka

Daren Asabar ne ko jajibirin sabuwar shekara, kana tuƙi a wani birnin Amurka, sai ka hango fitilu ja da shuɗi, an jera robobin tare hanya, motoci sun yi layi, ɗan sanda yana leƙa kowace taga da tocila. Shingen farautar masu tuƙi a buge ke nan. 'Yan'uwanmu da ke tuƙin tasi da Uber a can, yawancinsu da dare suke neman abinci, don haka ko ba daɗe ko ba jima sai sun ci karo da shi.

Ni ko kusa da giya ba na zuwa, ina ruwana da wannan magana?

Da ruwanka, ɗan'uwa, domin ɗan sandan bai san ka ba. Abin da yake dubawa shi ne jan ido, warin cikin mota, da yadda magana ke fita daga bakinka. Wanda ya yi awa goma sha biyu a kan sitiyari idonsa zai yi ja. Fasinjan da ka sauke yanzu daga mashaya ya bar maka warinsa a kujerar baya. Tsoro kuma yana sarƙe harshe, balle a harshen da ba naka ba. Sannan dokar ba ta tsaya kan giya ba: maganin tari mai kodin, taramol, maganin barci, duk abin da ya rage maka natsuwa a kan hanya yana iya zama laifi, ko da likita ne ya rubuta maka shi.

Doka ta yarda a tsayar da mutum alhali bai yi laifin komai ba?

A ƙa'ida, gyara na huɗu na tsarin mulkin Amurka ya hana tsare mutum ko bincikensa babu dalili. Amma a 1990 Kotun Ƙoli ta keɓe irin wannan shinge a shari'ar da ake kira ta Sitz, wadda ta taso daga jihar Mishigan. A shingen da aka yi shari'a a kansa, motoci 126 suka wuce, kowace ta tsaya kimanin daƙiƙa 25, aka kama mutum biyu. Alƙalai shida suka ce wannan ɗan jinkiri bai kai nauyin rayukan da tuƙi a buge ke ci ba, uku suka ƙi. Ni ma ina ganin hujjar tana da ƙarfi, tunda a 2022 kaɗai sama da mutum 13,000 suka mutu a haɗurran da giya ke da hannu a ciki.

Sai dai kowace jiha da nata tsarin. Mishigan ɗin kanta, kotun ƙolinta ta dawo a 1993 ta ce tsarin mulkin jihar bai yarda ba. Teksas, Minesota, Oregon da Washinton ma ba sa kafa shi. Inda ake kafawa, kamar Kalifoniya da Niyok, akwai sharaɗi: manya ne za su tsara shi tun kafin a fito, kuma a bi lissafi ɗaya, ko kowace mota ko kowace ta uku, ba wai ɗan sanda ya zaɓi wanda fuskarsa ba ta yi masa ba.

To idan layi ya zo kaina, me zan yi?

Tsaya, sauke gilashi, kunna fitilar cikin mota, ɗora hannuwanka biyu a kan sitiyari. Lasin, takardar rajistar mota da ta inshora dole ne ka nuna idan an nema. Kafin ka kai hannu aljihu ko akwatin gaban mota, faɗa masa abin da za ka ɗauko.

Akwai ɗabi'u biyu da muka taso da su a hanyoyin gida waɗanda a can suke jawo masifa. Ta farko, fitowa daga mota a nufi jami'i ana gaisuwa da ban haƙuri. A wurinmu ladabi ne, a wurinsa barazana ce, kuma da bindiga a ƙugunsa. Zauna sai in shi ya ce ka fito, kuma in ya ce, fito, don Kotun Ƙoli ta ba shi wannan iko tun 1977. Ta biyu, na goro. Kada ko da wasa ka haɗa kuɗi da lasin. Babban laifi ne da ke kai mutum gidan yari, ya fi abin da aka tsayar da kai dominsa muni nesa ba kusa ba.

Dole in amsa idan ya ce daga ina nake, ko na sha wani abu?

Ba dole ba ne. Gyara na biyar ya ba ka damar ƙin faɗin abin da zai zama hujja a kanka, kuma wannan dama ta kowa ce da ke cikin ƙasar, ɗan ƙasa da baƙo. Idan ba ka sha ba, cewa ba ka sha ba ita ce hanya mafi sauƙi, ka wuce abinka. Amma idan tambayoyi suka fara yawa, faɗa a fili cikin ladabi cewa ba ka son amsa tambaya. Da baki za ka faɗa, kada ka yi gum kawai. Kuma kada ka yi ƙarya. Kada ka jira a karanta maka gargaɗin nan na Miranda da ake gani a finafinai, wato inda ɗan sanda ke faɗa wa wanda aka kama cewa yana da damar yin shiru da neman lauya, domin a bakin hanya kafin kamu ba a wajabta musu shi ba, kuma duk abin da ka furta ana iya kai shi kotu.

Zai iya buɗe but ko ya bincika motata?

Sai da yardarka, ko in yana da ƙwaƙƙwaran dalili, kamar buɗaɗɗiyar kwalba da ya gani da idonsa. In ya nemi izini, kana iya cewa ba ka yarda ba. In ya ci gaba duk da haka, kada ka tare shi da jiki. Direban haya ya riƙa leƙa kujerar baya bayan kowane fasinja.

Gwajin tafiya a kan layi da busa na'ura fa?

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, don gwajin iri biyu ne kuma hukuncinsu ba ɗaya ba.

Na farko ana yin sa a bakin hanya kafin kamu: ka bi biro da ido, ka yi taku tara diddige na taɓa yatsa ka juyo, ka tsaya da ƙafa ɗaya kimanin daƙiƙa 30. A yawancin jihohi wannan na ganin dama ne. Mai ciwon gwiwa, mai ƙiba, dattijo, ko wanda bai gama fahimtar umarnin da aka ba shi da sauri ba, yana iya faɗuwa alhali ko ruwan inabi bai kurɓa ba. In kana da larura, faɗa tun kafin a fara. Ƙaramar na'urar busawa ta hannu kuwa ta danganta da jiha: a Kalifoniya wanda ya kai shekara 21 kuma ba ya ƙarƙashin sa-idon kotu kan irin wannan laifi yana iya ƙin ta, a Niyok ƙin ta laifin hanya ne. Ga wanda bai sha komai ba, ni dai shawarata ya busa, don na'urar shaida ce a gare shi. Sai dai in ka kurkure baki da maganin da ke da sinadarin giya, faɗa masa, a ɗan jira minti goma sha biyar.

Na biyu shi ne gwajin numfashi ko jini bayan an kama ka. Duk jihohi 50 suna da dokar da ta ce tuƙi a kan titinsu tamkar ka riga ka amince da wannan gwaji ne. In ka ƙi a Niyok, lasin ya tafi aƙalla shekara guda, ga tarar dala 500, ko da daga baya kotu ta wanke ka. Ga mai ciyar da iyali da tuƙi, har da na gida da ke jiran aike, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2016 Kotun Ƙoli ta ce gwajin numfashi bayan kamu ba ya buƙatar sammacin alƙali, amma ɗibar jini yana buƙata. Iyakar yawan giya a cikin jini da doka ta sa ita ce kashi 0.08 cikin ɗari, a jihar Yuta 0.05, mai tuƙa babbar motar kasuwanci kuwa 0.04.

In na hango shingen, zan iya juyawa?

In juyawar ba ta karya dokar hanya ba, ita kanta ba laifi ba ce. Amma sau da yawa akwai motar 'yan sanda a gefe tana lura da masu juyawa, kuma fitilar baya ɗaya da ta mutu ta ishe su dalili.

Za su tambaye ni takardun zama?

Ba don haka aka kafa shingen ba, kuma kana iya ƙin amsa tambaya kan inda aka haife ka. Amma mai katin zama na dindindin da ya kai shekara 18, doka ta ce ya riƙa yawo da katinsa. Abu ɗaya kada ka taɓa yi: cewa kai ɗan Amurka ne alhali ba haka ba, ko nuna takardar bogi. Wannan yana iya rufe maka ƙofar zama har abada.

In an kama ni fa, ko na ga an zalunce ni?

Kada ka ja, kada ka ɗaga murya. Ce kana son lauya, ka tsaya a nan. In ba ka da hali, kotu za ta ba ka na gwamnati. Nemi tafinta, kuma kada ka sa hannu a takardar amsa laifi da ba ka fahimta ba, musamman kafin ka ji ta bakin lauyan da ya san harkar shige da fice. Kana da damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarka. Riƙe sunan jami'in, lambar ƙirjinsa, lokaci da wurin, ka rubuta su da zarar ka samu biro. Takardar dakatar da lasin da za su miƙa maka tana ɗauke da wa'adin neman a saurare ka, kuma gajere ne: a Kalifoniya kwana 10 ne kacal.