720,720

720,720 (dubu ɗari bakwai da ashirin da ɗari bakwai da ashirin) cikakkiyar lamba ce da masana lissafi suka san ta saboda yawan rabuwarta. Ita ce lamba mafi ƙanƙanta da za a raba da kowace lamba daga 1 har 16 ba tare da saura ba. A 17 ne take cijewa, inda 5 ke raguwa.

Idan aka warware ta zuwa tubalanta, wato lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, za a samu 2×2×2×2×3×3×5×7×11×13. Daga nan ake gane cewa lambobi 240 ne ke raba ta daidai. Miliyan ɗaya, duk girmanta, 49 kacal take da su. Babu wata lamba ƙasa da 720,720 da masu raba ta suka kai 240, kuma wannan ne ya sa ta cikin jerin lambobi masu yawan rabuwa da masanin lissafin nan ɗan Indiya, Ramanujan, ya yi nazarinsu a 1915. Wadda ta gabace ta a jerin ita ce 665,280 mai 224, ta bayanta kuma 1,081,080 mai 256.

Ana kuma lissafa ta cikin lambobi masu yalwa, domin jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, ta kai 2,529,072, fiye da ninkinta uku da rabi. Cika ce, ba mara ba. Alƙalumanta in an haɗa su 18 ne, 18 ɗin ma na raba ta.

Siffarta ma abin lura ce. Duk lamba mai alƙaluma uku da aka rubuta sau biyu a jere, ninka ta aka yi da 1,001, wanda shi ne 7×11×13. Malamin lissafi a Marwa ko Njamena na iya sa ɗalibi ya rubuta 352352 a allo, ya raba da 7, da 11, da 13, sai 352 ta dawo masa. Yara kan yi mamakin wannan ƙwarai, kuma hanya ce mai kyau ta fara koya musu tubalan lamba.

A ce 'yan kasuwa a Garwa sun ci ribar sefa 720,720. In su 16 ne, kowa 45,045. In 13 ne, 55,440. Inda ake ɗan shan wuya shi ne in su 5, 10 ko 15 ne, domin rabon kan zo 144,144, ko 72,072, ko 48,048, ga shi sulallan sefa 1 da 2 ba kasafai ake ganin su a hannun jama'a ba. Mai rabon gado kuwa zai fitar da rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi cikin sauƙi, tunda 24 ta shiga cikinta sau 30,030 cif.