Waiwaye: yadda tiyatar kunne ta taso daga kwashe mugunya zuwa maido da ji

A gidaje da yawa na Damagaram, yaron da kunnensa ke zubar da ruwa ba a lissafa shi cikin marasa lafiya. A toshe da auduga, a ɗiga ɗan mai, a ce zai bari idan ya girma. Alhali wannan ciwon ne ya haifar da sana'ar likitocin tiyatar kunne, kuma har yau yana cikin manyan ayyukan sashen kunne, hanci da maƙogwaro, wanda a asibitocinmu ake kira ORL.

Kafin a samu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, mugunyar kunne kisa take yi. Bayan kunne akwai ƙashi mai ramuka kamar saƙar zuma. Mugunya takan taru a ciki, ta ci ƙashin, ta kai ga ƙwaƙwalwa. A 1873 Hermann Schwartze na birnin Halle a Jamus ya tsara yadda ake buɗe ƙashin da kurfi da guduma a kwashe ruɓar. Ceton rai ake nema a lokacin, ba a maganar ji. Haɗarin kuwa shi ne jijiyar da ke motsa fuska ta ratsa ta cikin ƙashin nan, idan aka taɓa ta baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa.

Abin da ya sauya sana'ar shi ne gani. Faɗin dodon kunne bai wuce santimita 1 ba, kuma ƙaramin cikin ƙasusuwa uku da ke bayansa, mai siffar likkafa, tsawonsa kamar milimita 3 ne. A 1921 Carl Olof Nylén na Suwidin ya fara aiki da madubin ƙara girma, a 1953 kamfanin Zeiss ya fito da wanda ke da fitila a jikinsa. Da shi ne Horst Wullstein da Fritz Zöllner suka kafa aikin facin dodon kunne da ya huje a shekarun 1950.

Facin yana da sharuɗɗa. An fi so kunne ya bushe tukuna, a auna ji kafin aiki. Likita ya kankare bakin hujin don naman ya sake tofowa, ya ɗebo siririn tantani daga kan tsokar da ke saman kunne ko ɗan guringuntsi, ya shimfiɗa ta ƙarƙashin dodon, ya tallafe shi da soso mai narkewa. Inda aikin ke lalacewa sananne ne: ruwa ya shiga wajen wanka, ko a fyace hanci da ƙarfi iska ta ture facin, ko murar hunturu ta toshe bututun da ya haɗa kunne da bayan hanci. Shi ya sa ake cewa a toshe kunnen da auduga mai basilin lokacin wanka har makonni. Idan kuma ruwan kunne na da wari ƙwarai ya ƙi jin magani, ana zargin fata ce ta shige ciki tana taruwa tana cin ƙashi. Wannan kam, maganin ɗigawa a kunne ba ya warkar da shi, sai aiki.

A 1956 John Shea na Amurka ya cire ƙashin likkafa da ya daskare har ya hana sauti wucewa, ya sa na roba, matar da ke da kurumtar ta ji.

Kunnen ciki shi ya fi wuya. Can akwai wani ƙashi mai naɗi biyu da rabi kamar katantanwa, cike da ƙananan gasu masu mayar da sauti saƙon jijiya, kuma idan suka mutu ba sa tofowa. A 1957 André Djourno da Charles Eyriès a Faransa suka gwada taɓa jijiyar ji da lantarki. William House ya ci gaba a Amurka daga 1961, Graeme Clark a Ostireliya ya dasa wa kurma na'urar ji mai layukan lantarki da yawa a 1978. Na'urar kashi biyu ce: ta waje mai ɗaukar sauti, da ta ciki mai siririyar waya da ake zura wa cikin katantanwar. Dasawa rabin aiki ne, sauran shi ne saita na'urar, batir, da shekarun koyar da magana.

Wannan ya shafe mu kai tsaye saboda sanƙarau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, 18 suka rasu. Cikin waɗanda ke tashi daga wannan ciwo akwai masu rasa ji, kuma katantanwar na iya fara cikewa da ƙashi cikin ƴan makonni, har waya ta kasa shiga. Don haka duk yaron da ya warke daga sanƙarau ya kamata a auna jinsa cikin wata guda, ko a Mirya yake ko a Magarya, kada a jira sai malam ya ce ba ya amsa kira.

Hanyar zama gwanin kunne doguwa ce. Bayan karatun likita, a Yamai ko a Jami'ar André Salifou ta nan Zinder, sai ƙarin shekaru huɗu zuwa biyar na ƙwarewa a ORL, sannan mai son kunne kaɗai ya daɗe yana koyon huda ƙashin kunnen gawa har hannunsa ya san inda jijiyar fuska take. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna kashi 78 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su kai likitan ORL ɗaya ga mutum miliyan ba.

Binciken masana a yau ya rabu. Wasu na kan gyaran ƙwayar halittar gado mai jawo kurumta, wasu na kan aiki da siririyar kyamara ta ramin kunne ba tare da yanka baya ba. A ganinmu, tambayoyin da suka fi amfanar Damagaram na kusa ne: wace ƙwayar cuta ce ke cikin mugunyar yaranmu kuma wane ɗigo take ji, nawa ne ke rasa ji bayan allurar jentamisin (maganin kashe ƙwayoyin cuta) ko cikin masu sikila, da yadda za a kai gwajin jin jarirai ɗakunan haihuwa. Gwajin ya samo asali ne daga binciken David Kemp na 1978: ana sa ɗan toshi a kunnen jariri yana barci, na'ura ta saki ƙaramin sauti ta saurari amsar katantanwa, cikin mintoci kaɗan a san ko sai an tura shi wurin likitan kunne.