Waiwaye: Gidajen sadaka na tsofaffi a Ingila

A watan Oktoba na 2025, babbar lambar yabon zanen gine-gine ta Birtaniya, wadda ake kira Stirling, ta tafi ga wani gidan tsofaffi mai suna Appleby Blue a unguwar Bermondsey ta kudancin Landan. Wata tsohuwar gidauniyar agaji, United St Saviour's, ita ta gina shi, aka buɗe a 2023. Yana da sassa sama da 50 na waɗanda suka kai shekara 65. Kowa da ƙofarsa da makullinsa da madafarsa, amma lambu da zauren hira da babban ɗakin girki na kowa ne. Ginin sabo ne, tsarin irin waɗannan gidajen sadaka kuwa ya doshi shekara dubu.

Tun zamanin da coci ke riƙe da harkar jinƙai, masu hali kan keɓe gonaki da gidaje domin kuɗin da suke kawowa ya riƙa ciyar da gajiyayyu har bayan ransu, kusan yadda muka san wakafi. Daga cikin waɗanda suka rage akwai St Cross a birnin Winchester, wanda Bishof Henry na Blois ya kafa wajen 1132 zuwa 1136 domin maza 13 da ƙarfinsu ya ƙare, tare da ciyar da mutum 100 a bakin ƙofa kullum. Har yau tsofaffi na zaune a ciki, kuma matafiyin da ya roƙa ana ba shi ɗan burodi da abin sha. Da Sarki Henry na 8 ya rushe gidajen ibada daga 1536, da yawan irin waɗannan gidaje sun bi ruwa. Attajirai da ƙungiyoyin 'yan sana'a ne suka ɗora daga nan, kamar Thomas Sutton da ya kafa Charterhouse a Landan a 1611.

Ba a gane darajar gidajen sosai sai an duba abin da ya zo a 1834. Dokar talakawa ta wannan shekara ta tura marasa galihu gidajen aikin dole, inda ake raba miji da matarsa, a sa musu tufafi iri ɗaya, a kwantar da mutane da yawa a ɗaki guda. Tsohuwar da ta samu gurbi a gidan sadaka kuwa tana da murhunta, ita ke rufe ƙofarta, ga maƙwabta a tsakar gida idan ciwo ya tashi da dare. Gaskiya akwai sharuɗɗa masu tsauri, na zuwa coci da dawowa kafin a rufe ƙofa, amma mutuncinta na hannunta.

Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnati ta ɗauki nauyin fansho da asibiti, sai aka ga ashe ba yunwa kaɗai ke cin tsoho ba. Richard Carr-Gomm, wani hafsan soja da ya ajiye aiki ya koma yi wa tsofaffin Bermondsey shara da aike kyauta, ya lura wasu sai su yi kwanaki ba wanda ya yi musu sallama sai shi. Ya sayi ɗan gida da kuɗin sallamarsa, ya zaunar da mutum huɗu, kuma a 1956 aka kafa ƙungiyar Abbeyfield. Tsarinta: ɗakinka naka ne, da kayanka, amma ana haɗuwa a ci abinci tare.

Yau akwai gidauniyoyin gidajen sadaka kimanin 1,600 a Birtaniya, masu ɗauke da mutum wajen 36,000. Yawanci sharaɗin shiga shi ne mutum ya kasance mabuƙaci kuma yana iya hidimar kansa, domin ba gidan jinya ba ne. Akan samu mai kula da ke leƙa mazauna, da ƙararrawar neman agaji a ɗaki.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. A idon doka mazaunin gidan sadaka ba ɗan haya ba ne, mai cin gajiyar gidauniya ne. Abin da yake biya duk mako gudummawar gyaran gida ce, ba haya ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 1998, ta sake tabbatarwa a 2016. Ma'ana, kariyar da ɗan haya ke da ita daga kora ba ta kai gare shi ba, kuma amintattun gidauniya na iya sallamarsa idan ya karya ƙa'ida ko jikinsa ya gaza. A ganina wannan ne ya fi cancantar gyara. Matar da ta shekara 15 a sashenta, ta saba da maƙwabtanta, ta dasa furanninta a lambu, ranar da ƙafa ta ƙi ɗaukarta ita ce ranar da za a iya fara yi mata zancen neman wani wuri.