Waiwaye: Tarihin Tawagar Ƙwallon Ƙafa ta Yankin Basque

A daren 14 ga watan Yuli na 2024, a birnin Berlin, Sifaniya ta doke Ingila da ci 2 da 1 ta ɗauki kofin nahiyar Turai, kuma 'yan wasan da suka zura ƙwallayen biyu, wato Nico Williams na Athletic Bilbao da Mikel Oyarzabal na Real Sociedad, dukansu 'ya'yan ƙasar Basque ne. Wannan al'umma, da ke zaune a arewacin Sifaniya da kudu maso yammacin Faransa, mai harshenta na Euskara wanda ba shi da dangantaka da kowane harshe na maƙwabta, tana da tata tawagar ta ƙwallon ƙafa da ta haura shekara ɗari da kafuwa. Amma har yau tawagar ba ta taɓa buga ko da wasan neman gurbi na kofin duniya ko na Turai ba, domin FIFA da UEFA ba su amince da ita a matsayin mamba ba. Duk wanda ya bi tarihinta zai ga cewa kusan kowane babban wasa da ta yi, an shirya shi ne don isar da wani saƙo da ya wuce ƙwallo.

Asalin tawagar ya koma farkon ƙarni na ashirin, lokacin da hukumomin ƙwallo na larduna suka fi ta ƙasa ƙarfi a Sifaniya. A 1915 aka haɗa 'yan wasan arewa a ƙarƙashin sunan Norte, suka kara da tawagar yankin Kataloniya a filin San Mamés na Bilbao, sannan a watan Mayu na shekarar suka je Madrid suka lashe gasar larduna ta farko, wadda aka sa wa sunan Yariman Asturias. A lokacin Sifaniya kanta ba ta da tawagar ƙasa. Sai a 1920 aka kafa ta domin gasar Olamfik ta Antwerp, inda ta samu lambar azurfa, kuma mafi yawan 'yan wasan da suka je 'yan Basque ne, cikinsu har da Rafael Moreno, wanda aka fi sani da Pichichi, mutumin da har gobe ake bai wa wanda ya fi cin ƙwallaye a La Liga kyauta da sunansa.

Abin da ya mayar da tawagar tarihi shi ne yaƙin basasar Sifaniya da ya ɓarke a watan Yuli na 1936. A watan Oktoba na shekarar yankin ya samu gwamnatin cin gashin kai a ƙarƙashin José Antonio Aguirre, lauya wanda a ƙuruciyarsa ya taka leda a Athletic Bilbao, saboda haka ya san abin da ƙwallo ke iya yi wa zukatan jama'a. Da yake an dakatar da gasar lig, kuma dakarun 'yan tawaye na Janar Francisco Franco na matsowa, gwamnatinsa ta tara fitattun 'yan wasan yankin ta tura su ƙetare da sunan Euzkadi, domin su tara kuɗin agaji ga waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita, musamman yaran da ake kwashewa zuwa ƙasashen waje, kuma su sanar da duniya cewa akwai wata gwamnati a Bilbao. Pedro Vallana ne koci, Luis Regueiro na Real Madrid ne kyaftin, Gregorio Blasco na tsaron raga, a gaba kuma akwai Isidro Lángara na Oviedo, wanda ya fi kowa cin ƙwallaye a La Liga shekara uku a jere kafin yaƙin.

Wasansu na farko ya kasance ranar 26 ga watan Afrilu na 1937 a filin Parc des Princes, inda suka ci Racing Paris, zakarun Faransa na shekarar da ta gabata, 3 da nema. A wannan rana ce kuma jiragen yaƙin Jamus da Italiya, masu taimakon Franco, suka yi ruwan bama-bamai a kan Gernika, garin da al'ummar Basque ke ɗauka a matsayin cibiyar 'yancinta na gargajiya. Daga Faransa tawagar ta wuce gabashin Turai har ta isa Tarayyar Sobiyet, kuma suna can ne labari ya riske su cewa Bilbao ta faɗa hannun Franco ranar 19 ga watan Yuni. Daga wannan rana suka zama wakilan gwamnatin da ba ta da babban birni, suna sa rigar ƙasar da ba za su iya komawa cikinta lafiya ba.

Duk da haka ba su fasa wasa ba. A wasanni tara da suka yi a Tarayyar Sobiyet sun ci bakwai, suka yi kunnen doki a Leningrad, suka sha kashi sau ɗaya tak, 6 da 2 a hannun Spartak Moscow, wadda sai da aka ƙarfafa ta da 'yan wasan wasu ƙungiyoyi. Masana tarihin ƙwallon Rasha na ɗaukar wannan ziyara da muhimmanci, domin ita ce ta nuna wa masu horarwa na can cewa tsohon tsarinsu na 'yan baya biyu ya tsufa, suka koma ga tsarin 'yan baya uku da baƙin suka zo da shi. Sai dai faɗuwar Bilbao ta raba kawunan 'yan tawagar, inda wasu, ciki har da Guillermo Gorostiza, ɗan wasan gefe na Athletic, suka bar tafiyar suka koma gida, yayin da sauran suka hau jirgin ruwa suka nufi nahiyar Amurka.

A Meziko da Kyuba an karɓe su hannu bibbiyu. A Ajantina kuwa, inda suka sa ran samun kuɗi mafi tsoka, sun isa a 1938 suka tarar FIFA ta hana ƙungiyoyin ƙasar karawa da su, sakamakon matsin lamba daga ɓangaren Franco, suka yi zaman jira na makonni ba tare da sun buga wasa ba, har aljihunsu ya bushe. Da suka koma Meziko, hukumar ƙwallon ƙasar ta yi abin da ba a saba gani ba: ta ba su gurbi a babbar gasarta ta kakar 1938 zuwa 1939 a matsayin ƙungiya, suka ƙare a mataki na biyu bayan ƙungiyar Asturias ta birnin Meziko. Yaƙi ya ƙare a watan Afrilu na 1939 da nasarar Franco, tawagar ta watse, kuma yawancin 'yan wasanta suka zauna a can. Lángara ya koma San Lorenzo ta Ajantina, ya zura wa River Plate ƙwallo huɗu a wasansa na farko, daga baya ya zama wanda ya fi cin ƙwallaye a gasar Ajantina da ta Meziko kamar yadda ya yi a Sifaniya. Ángel Zubieta ya shafe fiye da shekara goma a San Lorenzo har ya zama kyaftin, shi kuwa Regueiro a Meziko ya ƙare rayuwarsa.

Shekarun mulkin Franco ba su bar wa tawagar wani abin kirki ba. An haramta tutar Basque, wadda suke kira ikurriña, an takura wa harshen, hatta Athletic sai da aka tilasta mata sauya suna zuwa Atlético de Bilbao. Franco ya mutu a watan Nuwamba na 1975, kuma bayan shekara guda, ranar 5 ga watan Disamba na 1976, aka ga abin da ya sake buɗe hanya. Kafin wasan hamayya tsakanin Real Sociedad da Athletic a tsohon filin Atotxa na San Sebastián, kyaftin biyu, Inaxio Kortabarria na Real Sociedad da mai tsaron raga José Ángel Iribar na Athletic, suka fito tare kowa riƙe da gefe guda na tutar da har lokacin doka ta hana, suka shimfiɗa ta a tsakiyar fili a gaban 'yan sanda. Wani ɗan wasan Real Sociedad ne ya shigo da ita a ɓoye, 'yar uwarsa ce ta ɗinka ta a gida. Ba a kama kowa ba, kuma a watan Janairu na 1977 aka halatta tutar.

Tawagar ta dawo fili a watan Agusta na 1979, ta ci zaɓaɓɓun 'yan wasan lig ɗin Ailan 4 da 1 a San Mamés, a wasan da aka shirya don tallafa wa yunƙurin farfaɗo da harshen Euskara. Daga 1993 aka mayar da abin al'ada ta kowane ƙarshen shekara, lokacin hutun Kirsimeti, inda ake gayyato wata ƙasa wasan sada zumunta. Sakamakon ya yi kyau a takarda, domin ta lallasa Urugwai 5 da 1 a 1998, ta maimaita wa Najeriya irin wannan ci a 1999, ta doke Maroko da Ghana a shekarun da suka biyo baya. Amma adalci shi ne a ce baƙin ba kullum suke zuwa da cikakken ƙarfinsu ba, kuma wasan ƙarshen Disamba ba shi ne ma'aunin ƙarfin tawaga ba. Abin da ba a musu a kai shi ne ingancin 'yan wasan, tun da irin su Xabi Alonso, wanda ya ɗauki kofin duniya da Sifaniya a 2010, sun sa koriyar rigar.

Rikici mafi zafi da ya taso daga cikin gida a kan suna ne, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Euskadi a yau na nufin larduna uku masu cin gashin kai, Bizkaia da Gipuzkoa da Araba, alhali Euskal Herria ta haɗa da Navarra da larduna uku na ɓangaren Faransa, bakwai ke nan. A watan Disamba na 2007 tawagar ta kara da Kataloniya da sunan Euskal Herria. Da hukumar ƙwallon yankin ta nemi komawa ga tsohon suna, wato Euskadi, a 2008, 'yan wasa fiye da ɗari suka sa hannu a takarda cewa ba za su buga ba, aka soke wasan da aka shirya da Iran, aka kuma tsallake 2009. Sai a 2010 tawagar ta dawo fili da Euskal Selekzioa, sunan sasantawa da bai ambaci iyaka ba sam.

Batun amincewar duniya kuwa ya fi wuya. Masu fafutuka kan kawo misalin Ingila da Sikotilan da Wales da Ailan ta Arewa, ƙasa ɗaya mai tawaga huɗu, amma waɗannan sun kafa hukumominsu tun kafin a kafa FIFA a 1904, gatan da babu wanda zai sake samu. Tsibiran Faroe, da ke ƙarƙashin Denmark, sun shiga FIFA a 1988 da UEFA a 1990 kafin ƙofa ta rufe, domin a 2001 UEFA ta gyara dokarta ta ce sai ƙasa mai 'yanci da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita. Gibraltar, yankin Birtaniya da ke kudancin Sifaniya, ta samu shiga UEFA a 2013 ne kawai saboda ta nemi gurbi tun kafin gyaran, kuma kotun wasanni ta duniya ta goya mata baya duk da adawar Sifaniya. Hukumar Basque ta yanke shawarar neman zama mamba a watan Disamba na 2018, ta miƙa takardunta ga FIFA da UEFA a ƙarshen 2020, aka ƙi amincewa a 2021. Dokokin FIFA sun bar wata 'yar kafa ga yankin da bai samu 'yanci ba, amma sai da yardar hukumar ƙasar da yake ciki, kuma babu alamar hukumar Sifaniya za ta saki yankin da ke cika mata tawaga da gwanaye.

Sabuwar dokar wasanni da majalisar Sifaniya ta zartar a ƙarshen 2022 ta yarda hukumomin yankuna su shiga gasannin duniya a wasannin da ke da tushe na tarihi a yankin, kuma ta wannan hanya ce hukumar Basque ta pelota, wasan gargajiya na buga ƙaramar ƙwallo a bango, ta zama cikakkiyar mamba a hukumar duniya ta wasan a ƙarshen 2024. Ƙwallon ƙafa bai ci moriyar wannan ba tukuna. Wasannin tawagar sun ma ragu idan aka kwatanta da shekarun baya, saboda jadawalin ƙungiyoyi ya cika maƙil kuma samun abokin karawa a makonnin da FIFA ta ware yana da tsada. A watan Maris na 2024 ta tashi 1 da 1 da Urugwai ta Marcelo Bielsa, tsohon kocin Athletic, sannan a watan Nuwamba na 2025 ta karɓi baƙuncin tawagar Falasɗinu a San Mamés, a wasan nuna goyon baya ga mutanen Gaza, ta ci 3 da nema a gaban filin da ya cika.